Me ya sa √9 + √16 bai zama √25 ba?

Tambaya: Malam, ina ajin turwaziyem, bana zan zauna jarrabawar BEPC. Mushenmu ya nuna mana √2 × √8 = √16 = 4. Da ya ba mu aikin gida sai na bi wannan hanya na rubuta √9 + √16 = √25 = 5, amma ya soke shi da jan biro. Ina kuskurena? Kuma yaya ake rage lamba irin √72?
Wata ɗaliba daga unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Ɗiyata, mushenki yana da gaskiya. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma babu shekarar da ban ga wannan kuskuren a kayen yara ba, har da masu ƙoƙarin cikinsu, abin yana damuna. Rasin kare na lamba, wanda ake rubutawa da alamar √, shi ne abin da in aka ninka shi da kansa zai ba da wannan lambar. √9 shi ne 3, √16 shi ne 4. In kin tara su 7 za ki samu.

Ranar da kika bi ta inda ake aza harsashin gida, ki tsaya ki kalli magini. Zai kafa turke, ya auna mita 3 ta wannan gefe, mita 4 ta wancan, sannan ya ja igiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In igiyar ta kai mita 5 cif, kusurwa ta daidaita, domin 3 × 3 da 4 × 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 × 5. To wanda ya bi jikin bango ya taka mita 7, shi ne √9 + √16. Wanda ya yanke ta tsakiya ya taka mita 5, shi ne √(9 + 16). Tafiyar ba ɗaya ba ce.

Wajen ninkawa kuwa ana iya haɗa su ƙarƙashin alama guda. Ki ninka √2 × √8 da kansa: √2 sau √2 ya ba da 2, √8 sau √8 ya ba da 8, 2 sau 8 kuma ga 16 ta fito, rasin ɗinta 4. In kin gwada da 1,414 × 2,828 za ki ga 3,998 da 'yan kai, ɗan giɓin daga lambobin da aka datse ne.

Shi √72, ki nemi mafi girma cikin 4, 9, 16, 25, 36, 49 (wato 2 × 2, 3 × 3, har 7 × 7) da zai raba 72 ba saura. 36 × 2 ke nan, sai 36 ta fita waje ta zama 6, amsa 6√2. In da 4 kika fara, za ki tsaya a 2√18, aiki bai ƙare ba, don akwai 9 a ɓoye cikin 18. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su haddace tun daga 2 × 2 har 15 × 15, wato 225, kamar yadda suka san sunayen ƙannensu.

Ranar jarrabawa ki bar shi 6√2, kada ki mayar da shi 8,485 sai in tambaya ta nemi hakan. Daren nan ki gwada √50 da √12 × √3. Ya kamata ki samu 5√2 da 6.