Amsa ga mai tambaya kan caji da nisan tafiyar ƙaramar jif mai lantarki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi ƙaramar jif mai aiki da lantarki, batirinta kusan kWh 60 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), takarda ta ce tana yin kilomita 420 da caji ɗaya, amma a babbar hanya da ƙyar take kai ka 300. Ka kuma ce cajar gaggawa mai lamba 150 a jiki (kilowat, ma'aunin ƙarfin caji) ba ta ba ka ko rabin haka, a gida kuma cajin na katsewa cikin dare, har kana fargabar ko batirin ya lalace. Na jima ina tuƙa irin wannan motar, kuma bisa abin da ka bayyana ban ga alamar lalacewar batir ba. Ka kwantar da hankalinka mu bi abin daki-daki.

Wannan 420 ɗin adadi ne na gwaji. Yawanci daga gwajin WLTP yake fitowa, wanda Turai ta fara aiki da shi a 2017. A ɗakin gwaji ake yinsa, na minti 30, a yanayi mai digiri 23, na'urar sanyaya mota a kashe, kuma matsakaicin gudun bai kai kilomita 47 a awa ba. To kai da ka hau babbar hanya ka taka 120, ka kunna sanyi, ga iyali ga kaya a baya, ina ruwan tafiyarka da wancan lissafi? Ka ma duba takardar da kyau: in CLTC na ƙasar Sin aka rubuta, adadinsa ya fi na WLTP kumbura, na EPA ta Amurka kuwa ya fi su kusa da abin da mutum ke gani a hanya.

Babban mai cinye caji shi ne gudu, kuma a nan ne masu zuwa daga motar fetur ke ruɗewa. Sun saba mota ta fi shan mai a cunkoso, ta sauƙaƙa a doguwar hanya. Mai lantarki akasin haka take. A cikin gari, duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali, injin na mayar da wani kaso na wutar cikin batir, in kuma kana tsaye a cunkoso kusan ba ta cin komai sai abin da sanyi ya ja. A babbar hanya kuwa iska ce ke tokare ta. Daga gudun 100 zuwa 120, tokarewar iskar tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, jif kuma tana da tsayi da faɗin gaba, don haka ta fi ƙaramar mota jin abin a jika. In ka ɗora kaya a rufi, ko taya ba ta da isasshiyar iska, sai lamarin ya ƙaru.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ka daina dogara da kilomitan da allon gabanka ke nunawa. Hasashe ne kwamfutar motar ke yi daga irin tuƙin da ka yi a baya-bayan nan. In ka kwana biyu kana yawon cikin gari za ta yi maka alƙawarin 400, kana hawa hanya sai ka ga adadin na zubewa fiye da tafiyar da ka yi. Ka koma kallon abu biyu: kason cajin da ya rage, da yawan kWh da take ci a kowace kilomita 100. Tawa a cikin gari tana cin wajen 15, a gudun 120 kuwa tana haura 20. Yi lissafi da naka batirin: 60 a kan 15 sau 100 ya ba ka kilomita 400, 60 a kan 21 sau 100 kuma kusan 285. Ka ga 300 ɗin da kake samu daidai yake. Sannan a doguwar tafiya ba wanda ke cin batir daga 100 zuwa sifili. In kana tashi daga caja da kashi 80 kana isa ta gaba da 10, kWh 42 ke hannunka, wato kamar kilomita 200 tsakanin tsayawa da tsayawa. Da wannan adadin nake tsara tafiyata, kuma idan na ga caja ta yi nisa, sai in rage gudu zuwa 100 ko 95 tun da wuri, ba sai fitilar gargaɗi ta kama ba.

Batun cajar gaggawa kuma, 150 ɗin da ke jikinta iyakar abin da za ta iya bayarwa ne. Motar ce ke faɗin abin da za ta karɓa. Ƙananan jif da yawa ba sa kai kilowat 100: BYD Atto 3 mai batir kusan 60 tana tsayawa a kilowat 88, tsohuwar Hyundai Kona mai 64 kuma wajen 77. Ko wannan ƙololuwar ma ba ta ɗorewa. Batir na karɓa da sauri idan yana ƙasa, sai ya riƙa ja baya yayin da yake cika, kamar buhun da ake ɗura wa hatsi, na farko yana zuba ne kawai, na bakin buhu sai an girgiza an danna. Bayan kashi 80 saurin cajin na raguwa sosai, shi ya sa zaman jiran 100 a cajar gaggawa ɓata lokaci ne, ga kuma wani yana jiran layi. In ka je da kashi 60 ka ga tana karɓar kilowat 40, ba laifin kowa ba ne. Zafi da sanyi ma suna da tasiri. Batir mai sanyi ba ya karɓa da sauri, wanda ya yi zafi bayan doguwar tafiya cikin rana shi ma kwamfuta na rage masa don ta kare shi. Wasu cajojin kuma suna raba ƙarfinsu gida biyu idan motoci biyu suka jona a lokaci guda.

Idan caja ta ƙi farawa, ka tallafi filogin da hannu har sai ta kama, domin nauyin kebul ɗin kan ja shi ƙasa ya hana shi zama daidai. Ka kuma tabbatar da irin bakin cajin motarka, CCS2 ne, GB/T ne ko CHAdeMO, musamman idan an ƙera ta ne don kasuwar wata ƙasa.

Katsewar cajin gida shi ne abin da nake so ka ɗauka da gaske, don nan akwai haɗarin gobara. Ƙaramar cajar da ke zuwa da mota tana jan wajen amfiya 10 a kan volt 230, wato kilowat 2.3, kuma cika batir irin naka daga ƙasa zai ɗauki fiye da awa 26. Soket ɗin ɗaki ba a yi shi don ya riƙe irin wannan nauyi dare guda ba hutawa ba. In ya sassauta sai ya ɗau zafi, caja mai na'urar jin zafi a filoginta kuma sai ta yanke da kanta. Na taɓa ganin soket da ya yi baƙi ya fara narkewa ta wannan hanya. Ka taɓa filogin bayan awa ɗaya da jonawa. In ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, ka cire, kada ka sake jonawa a wurin. Kada kuma ka ƙara tsawo da siririyar waya, balle wadda ke naɗe. Sauran abubuwan da ke yanke caji su ne rashin ingantacciyar wayar ƙasa a gidan, da raunin wuta, da agogon caji da aka saita a cikin motar ba tare da ka sani ba. Ka shiga saitin ka duba wannan na ƙarshen, ba ya cin minti biyu.

Maganin da ya zaunar da ni shi ne cajar bango mai kilowat 7, da layinta na kanta tun daga akwatin wuta, ƙwararren ma'aikacin lantarki ya haɗa. Tana cika motar cikin wajen awa 9. Kafin ka sayi mai 11 ko 22, ka duba na'urar karɓar caji da aka ƙera a jikin motar kanta, don in iyakarta 7 ce, 7 ɗin za ka samu ko me ka jona.

Akwai kuma ƙaramin batir mai volt 12 da mutane ke mantawa da shi. Shi ke tayar da kwamfuta ya kuma buɗe wa babban batir hanya. In ya yi rauni, mota na iya ƙin tashi ko ƙin caji alhali babban yana cike. In kana ganin saƙonnin gargaɗi barkatai da safe, shi za ka fara sa a auna.

Ka kuma san irin batirinka. In LFP ne (mai sinadarin ƙarfe da fosfet), kamfanoni na son a riƙa cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci don ma'aunin kaso ya daidaita, in ba haka ba sai ka ga ya faɗo daga 15 zuwa 5 farat ɗaya. In NMC ne (mai sinadarin nikel, manganis da kobalt), 80 ya ishe ka a kullum, ka bar 100 sai ranar tafiya.

In har yanzu zuciyarka ba ta natsu ba, ga gwajin da za ka yi da kanka. Cika ta zuwa 100, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi tuƙinka na yau da kullum har ta sauko 10. A ce ka yi kilomita 350 tana cin 15, ka ci kWh 52.5 ke nan a kashi 90, wato batirin yana riƙe da wajen 58, lafiyarsa ƙalau. In lissafin ya faɗo ƙasa sosai, sai ka kai ta a duba, domin yawancin kamfanoni na ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, sau da yawa da sharaɗin kada ya gaza kashi 70 na ƙarfinsa. Ka turo mana abin da ka samu, tare da irin batirin da kuma kason da kake zuwa cajar gaggawa da shi, sai mu duba tare.