Filin Tambaya da Amsa: Yadda Kwamfuta Ke Raba Kanta Tsakanin Ayyuka

*Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce kwamfuta ba ta yin abu biyu a lokaci guda. Amma ni ina sauraron karatu a cikinta, ina buga aikina, ga kuma fayil yana saukowa daga intanet. To yaya ke nan? — Wata ɗaliba daga Daura*

Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku yana da gaskiya, ke ma idonki bai yi miki ƙarya ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da umarni, tana da ƙwayoyin aiki, wata biyu, wata huɗu, wata takwas, kuma kowace ƙwaya layin umarni ɗaya take bi a lokaci guda, ko biyu a wasu samfuran. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance ki duba ƙarƙashin CPU, wato furosesa. Sau da yawa za ki ga zaren ayyuka, wato Threads, sun haura dubu. Ƙwaya huɗu, aiki dubu. Dole a yi karɓa-karɓa.

Mai raba layin wani sashe ne a cikin Windows. Akwai agogo a na'urar da ke katse furosesa a kai a kai, bisa al'ada sau 64 a sakan ɗaya, wato duk bayan milisakan 15.6 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Aikin da ya hau furosesa ana ba shi kamar bugun agogo biyu, wajen milisakan 31. In lokacinsa ya cika, akwai kuma wani a layi, sai a sauke shi. Kafin a sauke shi ana rubuta inda ya tsaya: umarnin da yake kai, da lambobin da ke riƙe a ƙananan ma'ajiyoyin furosesa. A ajiye su a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ake aiki a kai, a ɗauko na wanda ke biye, ya ci gaba kamar ba a taɓa tsayar da shi ba. Wannan musanyar 'yan kashi ne cikin miliyan na sakan, amma ba kyauta ba ce. Kamar tela ne mai keke ɗaya da ɗinki uku: duk sa'ad da ya sauya kaya sai ya sauya zare. In sauyin ya yi yawa, rabin yini a sauya zare zai tafi.

Abin da ya sa layin bai yi tsawo ba shi ne yawancin ayyukan nan dubu barci suke. Manhajar rubutu jiran yatsanki take, kuma tsakanin harafi da harafi furosesa ta gama miliyoyin umarni. Mai sauko da fayil jiran intanet yake. Mai kunna karatu kuwa yakan shirya ɗan gutsuren sauti ya zuba a gaba, ya koma ya kwanta, kafin gutsuren ya ƙare an tashe shi ya ƙaro. Ranar da aka makara wajen tashinsa, ita ce ranar da za ki ji murya tana sarƙewa.

Ba kuma daidai ake raba lokacin ba. Windows yana da matakan fifiko 32, daga 0 zuwa 31, manhaja ta yau da kullum tana farawa a 8. Tagar da kike aiki a kanta ana ƙara mata tsawon lokaci fiye da na bayanta, shi ya sa rubutunki ba ya jan ƙafa ko da ana wani aiki a ɓoye.

A da ba haka abin yake ba. A Windows 3.1 na 1992, manhaja ce ke sakin furosesa don kanta in ta ga dama. In ɗaya ta ƙi, kowa ya tsaya, kamar labarin macijin Kusugu da ya hana mutanen garinku ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Windows NT na 1993, sannan Windows 95 ga sababbin manhajoji, su suka kawo tsarin ƙwace furosesa da ƙarfi ko manhaja tana so ko ba ta so.

*Ina da shagon buga takardu. Kwamfutata Core i3 ce, RAM 4GB, Windows 10. In na bar manhajar zanen katin biki na koma Word da burauza na kamar minti ashirin, da na dawo sai tagar ta yi fari kusan sakan goma. An ce mini furosesar ce ta yi ƙanƙanta, in sayi wata kwamfutar. — Mai shago a Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Malam, kada ka yi saurin sayar da ita. Alamar da ka faɗa ba ta furosesa ba ce. Furosesa mai rauni takan sa komai ya yi nauyi koyaushe. Taka kuwa tana tsayawa ne a daidai lokacin komawa tagar da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma wannan aikin ƙarancin RAM ne.

Ga abin da ke faruwa. Windows kansa yana cin kusan rabin 4GB ɗin nan kafin ka buɗe komai. Burauza kuma kusan kowane shafi aiki ne mai zaman kansa, da nasa rabon. In wuri ya cika, Windows zai dubi bayanan da aka daɗe ba a nema ba, ya kwashe su guntu-guntu, kowane guntu 4KB, ya kai wani fayil mai suna pagefile.sys a hadis, wato hard disk, ma'ajiyar fayiloli. Zanenka da ka bari minti ashirin shi ne na farko a kora. Da ka dawo, sai an ɗebo shi daga hadis, kuma sai an kori wani kafin a samu wurin ajiye shi.

A nan lissafin yake ɓaci. Ɗauko abu daga RAM bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Hadis mai faifai, irin mai juyi 5400 a minti da ke cikin yawancin tsofaffin laftof, sai allurarsa ta tafi inda bayanin yake, ta jira faifan ya zagayo, abin da ke cin milisakan 10 ko fiye. Ke nan in guntayen a warwatse suke, ba ya wuce ɗauko kamar ɗari a sakan. Zane mai ɗauke da hotuna kuwa guntayensa dubbai ne. Sakan gomanka ke nan.

Ka gwada da kanka kafin ka kashe kwabo. Buɗe Task Manager a Performance, ka yi aikinka yadda ka saba, sannan ka koma tagar zanen. In Memory ya haura kashi 85, Disk ya tsaya a 100, CPU kuma yana ƙasa, magana ta ƙare. A shafin Memory ɗin za ka ga Slots used, wanda ke nuna ko akwai ramin da ba kowa. Ka ƙara RAM ya kai 8GB, amma ka tabbatar da irinsa, domin DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu laftof kuma DDR3L suke so. Duba kuma ko Windows ɗinka mai bit 64 ne, don mai bit 32 ba ya iya amfani da abin da ya wuce 4GB ko ka saka. In kuɗin abu ɗaya gare ka, mu a ganinmu SSD, wato ma'ajiya marar faifai da ake sawa a madadin hadis, ya fi, saboda yana amsawa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na milisakan, kuma har tashin kwamfutar zai gyaru. Wasu masu gyara kan ce a kashe pagefile gaba ɗaya. Kada ka yarda. Da RAM 4GB, manhaja za ta riƙa mutuwa ne da aikin mutane a ciki.

Abu biyu na gefe. In an ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, tsarin tanadin caji yana rage gudun furosesa. Ƙurar hunturu kuma in ta toshe fanka, zafi kan sa furosesa ta rage gudu da kanta. A hure ƙurar fankar ko sau ɗaya a shekara.

*Me ake nufi da "Not Responding"? In rufe ne ko in jira? — Ma'aikaciya a Katsina*

Hajiya, kowace taga tana da layin saƙonni: an danna nan, an buga wancan harafi. In manhaja ta yi sakan 5 ba ta leƙa layinta ba, Windows zai sa wata taga mai hazo a madadinta ya rubuta wannan kalma. Ba lallai ta mutu ba. Sau da yawa jiran firinta take, ko filashi mai ciwo, ko babban fayil. Ki duba sunan manhajar a Task Manager. In lambar CPU ko Disk tana motsi, aiki take, ki ba ta minti biyu ko uku, kuma ki daina danne-danne, don kowane danni layin yake ƙarawa. In komai sifili ne ya daɗe a haka, ki zare filashin ko wayar firinta ki gani. End task shi ne na ƙarshe, domin duk abin da ba ki adana da Ctrl da S ba yana iya tafiya.

*Wace hanya ce mafi sauri ta sauya taga ba da linzami ba? — Ɗan makaranta, Ƙofar Marusa*

Riƙe Alt, ka taɓa Tab. Taɓi ɗaya ka saki yana mayar da kai tagar da ka baro, don jerin yana bin wadda aka yi amfani da ita kwanan nan ne. Ci gaba da riƙe Alt kana taɓa Tab don wucewa gaba, ƙara Shift don komawa baya. Ctrl da Tab na shafukan cikin burauza ne. Maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama yana manna taga a rabin allo, wanda ya fi dacewa da mai kwafar rubutu daga wata takarda. A Mac, Command da Tab ne, amma manhaja yake sauyawa, ba taga ba. In shafukan Edge suna cika maka jerin Alt da Tab, shiga Settings, System, Multitasking, ka zaɓi a nuna tagogi kaɗai.