Amsa: layin gonar masarar Halowin

Malam, ka tambaya ko layin jiran shiga gonar masarar nan ta ban tsoro a Amurka, wadda ake biyan kuɗi a shiga a sha tsoro don nishaɗi, ya kai tsawon da ake faɗa, wallahi ya kai, musamman daren Juma'a da Asabar in 31 ga Oktoba, ranar Halowin (bikin shigar dodanni), ta matso. Ba sa sakin mutane gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan suke turawa cikin lungunan masarar don masu shigar dodanni su samu komawa maɓoyarsu kafin wasu su iso, shi ya sa layin ba ya motsi. Ka sayi tikiti mai lokaci ta intanet, ka je farkon watan Oktoba. Ka sa rigar sanyi da tsohon takalmi saboda taɓo, kuma kar ka kai ƙananan yara, wasu dodannin da zarton inji suke bin mutum.