Obin ɗin da ke mutuwa ana tsaka da gashi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce Hajiyar nan mai kek ta wajen Ringim, obin ɗinta na gas yana kamawa lafiya lau, amma da an yi kamar minti 15, kek ya fara tashi, sai wuta ta ɗauke. Ka sa sabon tamokoful, ɗan tsinken nan mai rufe gas in wuta ta mutu, ba ta canza zani ba. Yanzu kana tambaya ko ka tokare makunnin a danne, gas ya riƙa wucewa kai tsaye, tunda tana da aikin biki a gabanta.

Kul! Ko da wasa kada ka yi wannan, kuma ko ita ta roƙe ka kada ka yarda. Ɗan tsinken nan da ka canza, ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗa bakinsu. Idan wuta ta gasa kan, yana haifar da lantarki ɗan mitsitsi, milibolt 20 zuwa 30, wanda ke riƙe wani maganaɗisu a cikin makunnin, gas ya samu hanya. Shi ya sa ake danne makunni na daƙiƙa 10 zuwa 15 bayan an kunna, ana jiran ya ɗauki zafi. Da wuta ta mutu ya huce, maganaɗisu ya saki, hanya ta rufe. In ka tokare shi, ranar da wutar ta mutu gas zai ci gaba da zuba cikin akwatin ƙarfe a rufe. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya. Sai Hajiya ta sunkuya da ashana a hannu, yara na wasa a bayanta. Ba na son sunan shagonmu ya shiga irin wannan labari.

To, mu koma kan aikin. Kafin ka taɓa sifana, tambaya ɗaya za ka yi wa mai kaya: yaushe yake mutuwa? Amsar ita ce rabin gyaran. Wanda ke mutuwa da an saki makunni, wannan kam tamokoful ne, ko notinsa ya saki, ko kan ya yi baƙi da hayaƙi yana son a goge shi da samfefa mai laushi. Wanda ke mutuwa da an buga ƙofa, iska ce ta hure shi. Naka kuwa sai ya yi zafi tukuna, kuma kusan kullum a lokaci ɗaya. Ka ga tun daga nan ya gaya maka ba a wajen tamokoful gizo ke saƙa ba.

Ga abin da ke faruwa a minti na 15 ɗin. Makunnin obin yana ɗauke da tamosta, mai siririn bututu da ke shiga cikin akwatin yana jin zafi. Idan Hajiya ta sa shi a 180, wuta za ta ci da ƙarfi har zafin ya kai, sannan tamosta ya rufe babbar hanya, ya bar wata 'yar ƙaramar kafa da za ta riƙe wutar ƙasa-ƙasa. Kai da ka fara da gyaran babur ka san silo a kafireta: in ya toshe, mashin yana gudu lafiya muddin ana ba shi wuta, da an saki totur sai ya mutu. Haka nan wannan kafar take. In datti ya cika ta, da tamosta ya rage wuta sai ta yi ƙanƙanta har ta ɗauke, ko ta janye daga kan tamokoful ya huce ya rufe gas.

Kada ka yarda da maganata sai ka gani da idonka. Ɗage farantin ƙasan obin yadda za ka hangi bona, wato inda wutar ke fitowa, kunna shi a ƙarshen ƙarfi, rufe ƙofa a hankali, ka zauna a ƙasa kana leƙe ta gilashi. Bayan minti 10 ka juyo da makunni zuwa mafi ƙanƙanta. Wutar kirki za ta sauko ta zama gajera, shuɗiya, a jere a kowane rami ba giɓi, kuma tana lasar kan tamokoful. In tana rawa tana tsinkewa, kafar ce. In kuwa wutar tana nan daram amma tsinken yana gefe kamar rabin yatsa, to wajen ɗaura sabon ne ya karkace. Lanƙwaso maƙalinsa kaɗan har kan ya shiga cikin ƙaramar wutar, ba babbar ba. Yara da yawa suna saita shi da babbar wuta, su karɓi kuɗi su tafi, gobe a sake kiransu.

Wanke kafar ba wuya. Rufe gas daga tukunya, zare makunni, za ka ga wani ɗan sukuru na tagulla a gefen sandar, kafar a jikinsa take. Kwance shi da siririn sukudireba, ka ɗaga shi a rana ka duba ramin, ka hure shi da famfon keke. Kula da 'yar robar da ke jikinsa, in ta tsage gas zai riƙa yoyo ta nan. A yawancin kukar gas, wato murhu mai obin, da ke zuwa mana, in da gas ɗin tukunya ake aiki, ana ɗaure sukurun ne har ƙarshe, domin ramin jikinsa an riga an auna shi.

Tunda ka buɗe, ciro nozil, ɗan bakin da ke fesa gas, da bututun bona ma. A ƙauyukanmu obin yakan yi wata da watanni ba a kunna ba, sai salla ko biki. Kafin nan ƙurar hunturu ta shiga, gizo-gizo ya yi saƙa, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka daidai inda iska ke haɗuwa da gas. Alamarsa jar wuta mai hayaƙi da baƙi a gindin tire. Nozil kuma ba a tsokanarsa da allura. Tagulla ce mai laushi, ramin zai faɗaɗa, ka lalata shi har abada. In kukar 'yar gwanjo ce daga Turai, duba lambar da ke jikin nozil ɗin, don can da yawa gas ɗin bututu suke amfani da shi, raminsa ya fi namu faɗi, dole a sauya.

Akwai abu biyu da ba laifin obin ba ne, ka tambaye ta. Mata suna shimfiɗa takardar alminiyam ko tiren yashi a ƙasa don kada gindin kek ya ƙone, su rufe ramukan shan iska ba su sani ba. Wuta ta cinye iskar da ke ciki, ta shaƙe. Na biyu tukunyar kanta. In gas ya kusa ƙarewa, ko da sanyin asuba na hunturu, za ka ga jikin tukunya yana gumi, ƙarfin gas yana raguwa a hankali. Kunna murhun sama guda ɗaya tare da obin: in wutarsa ma tana ja da baya, nemo cikakkiyar tukunya da wani regileta ka gwada, ka bi tiyo ka ga ko ya lanƙwashe a bayan kuka. Kada a kwantar da tukunya, kada a kai ta kusa da wuta wai don ta ɗumama.

Da na lantarki ne da maganar ta sha bamban. Shi yana jan wat 2,000 zuwa sama, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma yawanci soket ne ya ƙone ko fankar sanyaya shi ta tsaya, na'urar kariya ta yanke wuta. Wannan sai ka zo shago in nuna maka a kan wanda ke ajiye.

Idan ka gama haɗawa, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a duk inda ka kwance, daga regileta har makunni. Kumfa ta kumbura, akwai yoyo, sake ɗaurewa. Ba a neman yoyo da ashana. Sannan ka bar obin ya ci minti 40 a 180, ka buɗe ƙofa ka rufe sau da yawa, in da hali ta sa kwaɓinta a gabanka. Gaya mata duk ranar da ya mutu ta kashe makunni, ta bar ƙofar a buɗe na 'yan mintoci kafin ta sake kunnawa.

Tsohon tamokoful ɗin kuma kada ka yar. Ɗora kansa a wuta ka auna da mitar gwajin lantarki. In ya haura milibolt 20 lafiyarsa ƙalau, sai ka mayar mata da shi, ka cire kuɗin sabon daga lissafinta.