Tambaya da Amsa: Manyan Injinan Tururi na Dā, Shin Har Yanzu Suna Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni makanike ne, na daɗe ina gyaran injin ban ruwa da janareto. Kwanakin baya na ga bidiyon wani ƙaton inji a Ingila wanda ya cika gini guda, aka ce da tururi yake aiki kuma ya haura shekara 150. Ina neman bayani: ta yaya tururi ke ɗaga ƙarfe mai nauyi haka, kuma da gaske ne irin waɗannan injina suna aiki har yau, ko kuwa ado ne kawai don 'yan kallo? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tun da kai ma'abocin ban ruwa ne, ka kawo jigo a ranka, domin siffar yawancin waɗannan injina ba ta wuce ta jigo ba. Akwai dogon ƙarfe da aka ɗora bisa ginshiƙi yana rinjaya sama da ƙasa. A gefe ɗaya an rataya masa fistin da ke cikin silinda, a ɗaya gefen kuma sandar famfo. Inda mai lambu yake jan igiya da hannunsa, nan ne fistin yake ja.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a injin farko da ya yi aiki sosai, wanda Thomas Newcomen ya kafa a 1712 kusa da Dudley don kwashe ruwa daga ramin haƙar kwal, ba tururin ne yake tura fistin ba. Ana cika silinda da tururi, sai a fesa masa ruwan sanyi, nan take ya koma 'yan ɗigon ruwa, cikin silindar ya zama kusan fanko, sai nauyin iskar duniya ya danno fistin ƙasa. Matsalar ita ce, a kowane bugu sai silindar ta huce sannan a sake ɗumama ta, saboda haka injin yana cin kwal ba kaɗan ba. James Watt ne ya magance wannan asara da ya ware wani mazubi na daban inda tururin zai je ya huce, silindar kuma ta zauna da zafinta, ya yi wa dabarar rajista a 1769. Daga baya masu haƙar kuza da tagulla a Cornwall, yankin da ba shi da kwal na kansa sai an yi masa dakonsa ta teku, suka ƙara wa tururin ƙarfi don su rage kashe kuɗi. A irin nasu injin, tururi yana ɗaga wani babban nauyi ne, sa'annan nauyin ya sauko da kansa ya tura ruwan.

Wannan shi ne dalilin girmansu. Ƙarfin da ke danna kowane inci na fuskar fistin kaɗan ne idan aka gwada da na injin dizal, don haka wanda yake son ƙarfi mai yawa ba shi da zaɓi sai ya faɗaɗa fistin. A tsohuwar tashar ruwa ta Kew Bridge da ke Landan akwai inji na 1846 wanda faɗin silindarsa inci 90 ne, kusa da shi kuma akwai wani mai inci 100. Wanda ya fi su duka yana ƙasar Holan, a tashar Cruquius ta 1849, mai silinda inci 144, wato fiye da mita uku da rabi, wadda aka ƙera a Cornwall. Wannan inji yana motsa jigo takwas da suka leƙo daga jikin hasumiya, kuma shi da wasu tashoshi biyu ne suka ƙafar da tafkin Haarlem a 1852. Filin jirgin saman Schiphol na yau a tsohon gindin wannan tafki yake.

A ganina, nauyin nan da jinkirin motsinsu su ne suka tsawaita ransu. Injin da yake bugu goma ko ƙasa da haka a minti ɗaya ba ya cin ƙarfensa kamar janareton da ke juyi dubu ɗaya da ɗari biyar. Ban da haka, an gina injin da ɗakinsa tare, bango yana ɗauke da nauyin jigon, ta yadda fitar da shi yana nufin rushe ginin. Duk da haka mafi yawansu an yayyanka su an sayar wa masu narkar da ƙarfe, musamman na masaƙu da ramukan ma'adinai. Waɗanda suka tsira galibi na hukumomin ruwa ne, waɗanda suka riƙa ajiye tsohon inji saboda ko-ta-kwana. Tashar Crossness misali ce mai kyau. An buɗe ta a 1865 cikin aikin magudanan ƙazanta da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara bayan ɗoyin kogin Thames ya addabi Landan a 1858. Injinanta huɗu sun shekara da shekaru a yashe suna tsatsa, har masu aikin sa kai suka farfaɗo da guda ɗaya, mai suna Prince Consort, ya sake motsi da tururi a 2003.

Game da ko suna aiki, amsar ta danganta da wurin. Na Cruquius yana motsi a gaban baƙi, amma na'urar zamani ce take juya shi, ba tururi ba. Wasu kuwa ana hura musu wuta ne a ranaku ƙididdigaggu cikin shekara, saboda tukunyar tururi tana bukatar binciken lafiya akai-akai, kwal ya yi tsada, kuma dole a ɗumama silinda sannu a hankali don kada zafi na farat ɗaya ya tsaga ta. A Crofton da ke Ingila, bisa mashigin ruwa na Kennet da Avon da aka haƙa don jiragen ruwa, akwai injin kamfanin Boulton da Watt na 1812 wanda yake nan inda aka kafa shi tun farko. A ranakun da aka tayar da shi yana ɗaga ruwa kimanin mita 12 ya zuba a mashigin, wato ainihin aikin da aka saye shi dominsa, ko da yake famfunan lantarki ne ke ɗauke da aikin yau da kullum.

Idan kuwa kana neman wanda bai yi ritaya ba sam, sai ka dubi tashar Wouda da ke Lemmer a arewacin Holan. An buɗe ta a 1920, injinanta masu juya famfo ne ba masu jigo ba, an sauya mata kwal da mai a 1967, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 1998. Har yanzu, idan ruwa ya yi yawa a lardin Friesland har famfunan zamani suka kasa, hukumar ruwa takan sa a hura tukwanenta, ta riƙa kwashe kimanin lita miliyan huɗu a kowane minti.