Utpal Dutt: Da gaske ne an taɓa ɗaure tsohon nan na fim ɗin Gol Maal?

Tambaya: Malam, tsohon nan mai gashin baki da ke zabga tsawa a Gol Maal yana ba mu dariya, an ce mini an taɓa ɗaure shi saboda wasan kwaikwayo. Da gaske ne?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Sunansa Utpal Dutt, kuma barkwancin da muka san shi da shi somin taɓi ne kawai a cikin aikinsa. Sana'arsa ta ainihi wasan daɓe ce a harshen Bengali: shi ya rubuta, shi ya shirya, shi ya fito.

An haife shi a 1929 a Barisal, cikin ƙasar Bangladesh ta yanzu, ya yi karatu a kwalejin St. Xavier's da ke Kalkata. Da wasannin Shakespeare ya fara, da Ingilishi. Amma mai ra'ayin gurguzu ne, sai ya ga talakan da yake son ya ji shi ba ya jin wannan harshe, don haka ya koma Bengali. A 1959 ƙungiyarsa, Little Theatre Group, ta kama hayar gidan wasa na Minerva, ta gabatar da Angar, labarin masu haƙar kwal. Da dabarar fitilu, mai tsara hasken wasan, Tapas Sen, ya sa 'yan kallo suka ga ruwa yana cika ramin haƙa, leburori na ciki.

Wasan da ya ja masa ɗauri shi ne Kallol, a 1965. Labarin boren da sojojin ruwan Indiya suka yi wa Turawan mulki ne a Bombay a 1946, har siffar jirgin yaƙi aka kafa a kan dandamali. Inda gizo ke saƙa, wasan bai tsaya kan Turawa ba. Ya nuna shugabannin jam'iyyar Congress sun juya wa sojojin baya, alhali a 1965 Congress ɗin ce ke mulkin Bengal ta Yamma, jihar da Kalkata take ciki. Aka kama shi, ya yi watanni a tsare ba shari'a. Jaridu da dama suka ƙi buga tallar wasan, duk da haka jama'a ba su fasa cika Minerva ba.

A ganina, abin da ya fi nuna zuciyarsa shi ne shigarsa jatra, wasan gargajiyar Bengal da ake yi a fili, mutanen karkara zagaye da dandamali har tsakar dare. Masu boko da yawa suna raina jatra; shi kuwa ya rubuta mata wasannin siyasa, domin a can masu sauraronsa suke.

A fim ma ba barkwanci kaɗai ya yi ba. Bhuvan Shome, fim ɗin darakta Mrinal Sen na 1969, ya ba shi lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon jarumi, shekara goma kafin Gol Maal. In kana son ganin sa cikin natsuwa, nemi Agantuk, fim ɗin darakta Satyajit Ray na ƙarshe, na 1991. Ya rasu a Kalkata ranar 19 ga Agusta, 1993, yana da shekara 64.