Tambaya da Amsa: Daidaita hoton kusufin rana da tsaunukan gefen Wata

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗauki hotunan kusufin rana na 8 ga Afrilu, 2024 a Dallas da kyamara da lens mai milimita 600. A wasu hotunan akwai ɗige-ɗigen haske a gefen Wata. Wani ya ce min ana iya gane kwarin da kowane haske ya biyo ta cikinsa da kwamfuta. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Amurka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma aiki ne mai daɗi ƙwarai. Gefen Wata ba sumul yake ba, tsaunuka ne da kwaruruka. Daf da Wata zai rufe Rana, da lokacin da zai fara sakinta, tsaunuka sukan tare haske, ragowar ya ɓullo ta kwaruruka a jere kamar ƙwayoyin carbi. Ana danganta su da sunan Francis Baily, masanin taurari ɗan Ingila da ya bayyana su bayan kusufin 1836.

Tsaunukan kansu ba za ka gan su sosai a hotonka ba. Faɗin Wata ya kusa kilomita 3,500, tudu da gangaren gefensa kuwa 'yan kilomita ne. Da lens irin naka Rana takan cika fiksel kusan 900 a kyamara mai megafiksel 24 da babban sensa, wato fiksel ɗaya ya kusa kilomita 4 a ƙasar Wata. Hasken ne ke tona asirin kwarin: inda ɗigo ya fito, da sakan ɗin da ya mutu.

Taswirar da za ka gwada da ita tana nan kyauta. A da, zane-zanen gefen Wata na Chester Watts, masanin taurari ɗan Amurka, na 1963 ake amfani da su, waɗanda aka haɗa daga hotunan da aka ɗauka a duniya. Yanzu akwai awon tudu da kwarin Wata da aka yi da hasken leza daga kumbon Kaguya na Japan da aka harba a 2007, da LRO na hukumar NASA da aka harba a 2009. Manhajar Occult ta Dave Herald, mai aiki a Windows, tana zana gefen Wata da wannan awo. Solar Eclipse Maestro ta Xavier Jubier ma tana yi a Mac, amma sababbin tsarin macOS ba sa buɗe ta.

Kada ka sauko da zanen wani kusufi daga intanet ka ɗora a hotonka. Wata yana ɗan karkata gefe da gefe, sama da ƙasa, shi ya sa a hankali muke iya ganin kusan kashi 59 cikin ɗari na jikinsa. Tsaunukan da ke bakin gefe a 2024 ba su ne na 2017 ba, har ma wanda ke Dallas da wanda ke Meziko a rana ɗaya zanensu ya ɗan bambanta. Sai ka ba manhajar wurin da ka tsaya daidai, da tsayin wurin daga teku. Idan ka ɗauki ko hoto ɗaya da waya a nan, GPS ɗinta ya ajiye maka lambobin.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne agogo. A sakan ɗaya gefen Wata yana gusawa ɗaruruwan mitoci, a ma'aunin ƙasar Wata, a kan fuskar Rana, ɗigo ya mutu wani ya fito. Agogon kyamara kuwa yakan kauce da sakan da yawa, wani lokaci da mintoci, mai ita bai sani ba. Duba lokacin da ke cikin bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin kowane hoto, ka mayar da shi UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya. Dallas a ranar tana baya da awa 5. Sannan ka nemi hoton ƙarshe da ɗigo ɗaya ya rage, ka gwada da lokacin da manhajar ta ce Rana ta rufe a wurinka. Bambancin shi ne kuskuren agogonka, ka gyara sauran hotunan da shi.

Sai juya hoto. Saman hotonka ba arewacin Wata ba ne, musamman idan kyamarar tana kan ƙafa uku ta yau da kullum. Harsunan wuta masu launin ja da suka bayyana a gefen Rana a ranar za su taimaka maka: gwada wurinsu da hotunan cibiyoyin binciken Rana, ka juya naka har su hau juna. Yi aiki da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka rage haske sosai, domin hoton da haske ya yi wa yawa yakan haɗe ɗigo uku su koma ɗaya. Idan kuma ka ga manhajar tana ɗan tsawaita lokacin duhu, ƙara girman Rana a saitinta. Awon da aka yi a kusufan baya-bayan nan ya nuna ta ɗan fi tsohon adadin da aka tsayar a shekarar 1891 girma.

Tambaya: Na ga kusufin 29 ga Maris, 2006 a Gusau ina yarinya. Ina fatan zuwa Umara lokacin na 2 ga Agusta, 2027, in Allah Ya yarda. Wayata za ta iya wannan aikin? Daga wata mai karatu a Zamfara.

Amsa: Allah Ya kai mu, Malama. Duhun zai ratsa Jidda da Makka, kamar yadda na 2006 ya ratsa Gusau, Katsina, Maraɗi da Damagaram. Waya ita kaɗai ba za ta raba ɗige-ɗigen ba, domin Rana a babbar kyamararta fiksel kusan 30 ce kawai. Amma agogonta da GPS ɗinta sun fi na yawancin kyamarori inganci. Ki haɗa ta da ƙaramin madubin hangen nesa, ki ɗauki bidiyo maimakon hoto, ki kulle fokas da haske da hannu. Matacin hasken rana ya zauna a bakin madubin, ta gaba, kuma ki kalli allon wayar kawai. Waɗannan ɗige-ɗigen hasken Rana ne tsantsa, suna iya ƙona ido ta cikin madubi nan take.